Ranar da Baba Makulli Ya Kulle Gwamnati Biyu

Kafin masu gadi su gama miƙa, Baba Makulli ya iso. Zauren da yake kula da shi a kan layin iyaka aka gina shi, rabi a wannan ƙasa, rabi a waccan, kuma ƙofa biyu gare shi: kowace tawaga da tata, don kada a ce wani ya je roƙo gidan wani. Makullan duka biyu a hannunsa suke. Zai share, ya goge tebur, ya daidaita tutoci kada wata ta ɗara wata tsawo. Shayi ma da faranti biyu yake shiga da shi, dama da hagu, ya dire su lokaci guda. Direbobi kan tsokane shi: "Baba, kai ɗan wace ƙasa ne?" Sai ya ce, "Ɗan kicin."

Makon jiya ya yi ritaya. Da yawa sun san shi da shayi kawai. Ba su san shi ne ya taɓa kulle gwamnati biyu a ɗaki ɗaya ba.

Shekarar ce ambaliya ta tumɓuke turken iyaka, kowa ya ce nasa aka ci. Aka yi harbe-harbe, aka sauke shinge biyu a hanya, na nan da na can. Ƙungiyar ƙasashen yankin ta aiko wata tsohuwar alƙaliya ta shiga tsakani, aka zauna a zauren Baba.

Da hantsi surukinsa, mijin 'yarsa, ya faɗo ƙofar kicin yana haki.

"Baba, haihuwar ta zo da gardama. Ungozoma ta ce sai an yi aiki. Tana mota a bakin shinge, sojoji sun ce umarni daga sama yake."

Asibitin da ke da likitan fiɗa kuwa yana tsallake, ana hango rufinsa. Saman da ake faɗa yana cikin zaure, yana jiran shayi. Baba ya raɗa wa sakataren taron, sakatare ya zare masa ido: "Ba a katse manya, tsoho."

Ya shiga da farantansa, ya dire, ko cokali bai yi ƙara ba.

Can magana ta watse. Shugaban tawagar nan ya daki tebur, na can ya tattara takardunsa, aka ce sai wani watan. Kowa ya nufi ƙofarsa. Aka murɗa, gam! Aka murɗa ɗayar, gam!

Wani dogari ya shaƙo wuyan rigar Baba, bakin bindiga a haƙarƙarinsa.

"Ina makullan?"

"Suna hannun 'yata, ranka ya daɗe."

"Wace 'yar taka? Kai, ka haukace ne?"

"Tana bakin shinge tana naƙuda. Mai son makullinsa ya je ya karɓa. Ga ƙofar kicin nan a buɗe."

Ashe suna can suna ta cacar baki ya zagaya ya murza makullan, ya fita ya damƙa mata su a tafin hannu, ya dawo ya tsaya da farantansa kamar ba shi ba.

Alƙaliya ce ta fara miƙewa. Ta cire tabarau, ta dube shi daga sama har ƙasa, ta bi ta tsakanin tukwane. Manya suka bi ta a jere, babbar riga na gogar buta, kwat na sharar gawayi. Ƙofar kicin daidai shingen take ɓullewa.

Ga yarinya kwance a bayan mota, zani ya jiƙe da jini, leɓe ya yi fari, ta damƙe makullan kamar ranta ne a ciki. Uwarta na mata fifita da kwali. Da uwar ta ga Baba a hannun dogari sai ta ce, "Malam, ka kashe mu!"

A nan kowa ya zaci an gama. Ina! Shugaban nan ya ce, "Su fara ɗaga nasu." Na can ya ce, "Su suka fara saukewa." A gaban jinin!

Alƙaliya ta dafe ƙirji. Baba ya fizge jikinsa, ya shiga tsakanin shingayen, ya ɗaga hannuwansa biyu yadda yake ɗaukar faranti.

"Ba na farko, ba na ƙarshe. In na sauke hannu, ku ɗaga tare."

Sojoji suka dubi shugabanninsu. Shugabannin suka dubi ƙasa, kowa ya gyaɗa kai. Hannu ya sauka, shinge biyu suka tashi, mota ta wuce da gudu, har da makullan. Sai a ɗakin fiɗa aka ɓamɓare su daga yatsunta.

Bayan wannan wa ke da fuskar tafiya gida? Ta kicin suka koma, suka zauna. Kafin la'asar an sa hannu cewa ko rigima ta kai ina, ba a ƙara tsare motar majinyaci a iyaka. Uwa ta rayu, jaririya ta rayu. Baba kuwa tsare shi aka yi, aka yi masa tambayoyi, aka hana shi ƙarin girma har ya bar aiki. A hoton sa hannu, gefen farantinsa kaɗai ya fito.

Kai ne, Baba, ka san bindiga na iya tashi, ka ce ta tashi ɗin. Kai ne mai hannu biyu da ba ya fifita ɗaya. Duk motar asibiti da ke ratsa shingen nan yau ba tsayawa, da makullinka aka buɗe mata. Mun gode. Allah Ya saka maka, Ya ba ka hutu mai daɗi.

Ku kuma masu riƙe da makullin wani abu, babba ko ƙarami, ku riƙa leƙa ƙofar baya ku ga wa ke jira.

Ranar sallamarsa jikar nan ce, ta zama 'yar makaranta, ta miƙa wa magajinsa makullan. Saurayin ya juya su a hannu ya ce, "Baba, na kicin fa?"

Baba ya ce, "Ba ta da makulli, ɗana. Kada ka kuskura ka sa mata."