Laftof Ɗin Hannun Hagu

Shekarar da muka baro Konduga, 'yata ta biyu tana ajin ƙarshe a jami'a, tana karatun noma. Ni malamin firamare ne, amma makarantar da nake koyarwa an ƙone ta, don haka ban da aiki sai zaman jiran albashin da yake zuwa in ya ga dama. Muka sauka a gidan ƙanena a unguwar Gomari cikin Maiduguri, ya ba mu ɗaki ɗaya da rumfar da yake ajiye itace.

Yarinyar ita ce abin da muke kallo mu ji sanyi. Duk abin da ya tafi ya tafi, amma ita saura 'yan watanni ta gama.

Wata Talata ta shiga kasuwa sayen takardar rubutu, sai wani abu ya fashe. Ba ma kusa da ita ba ne, ƙarar kawai ta ji. Mutane suka yamutse, aka ture ta ta faɗi, wani keke mai ƙafa uku da yake neman hanyar tsira ya bi ta kan hannunta na dama. Likita ya ce hannun zai zauna, amma yatsu uku sai abin da Allah ya yi. Aka ɗaure shi aka rataya mata a wuya.

A lokacin tana tsakiyar rubuta binciken da kowane ɗalibi yake miƙawa kafin ya kammala. Nata a kan yadda manoman garinmu suke adana albasa ne. Tun kafin mu gudu ta bi su gona-gona tana tambaya tana rubutawa a wani littafi mai koren bango. Babi biyu ta rubuta da hannu ta kai wa wata mata mai buga takardu a Mairi, kusa da jami'ar, saura uku. Ta gwada rubutu da hagu. Kwana huɗu ta yi tana fama, ta kai wa matar shafi shida. Matar ta juya su, ta sake juyawa, ta ce, “Ƙanwata, wallahi ba ƙin aikin nake yi ba. Na kasa karantawa.”

Malamin da yake duba aikinta ya tausaya mata, amma ya ce abin ba a hannunsa yake ba. Akwai wani malami da zai zo daga wata jiha ya saurari ɗalibai, da ƙyar aka shawo kansa ya yarda ya shigo Maiduguri, kuma sau ɗaya zai zo, nan da mako shida. Wanda bai shirya ba sai baɗi. Baɗi kuwa a wannan zamani kalma ce da ba wanda yake iya dogara da ita. Malamin nata ne ya ce mata in za ta samu laftof, ta riƙa bugawa da kanta da hannun hagu, tunda danna harafi ya fi zana shi sauƙi.

Da ta gaya mini, sai na ce to, kamar wanda aka ce ya sayo gishiri. Daga nan na fita bayan gida na tsaya ina kallon bango.

Abu ɗaya na fito da shi daga Konduga mai daraja, injin ban ruwa na lambuna. Na ajiye shi ne don ranar komawa. Na sayar da shi a kan abin da mai saye ya ga dama, don kowa ya san wanda ya gudo ba ya ciniki. Uwar yarinyar ta cire 'yan kunnenta ta ɗora a kan kuɗin.

Daga nan sai shawarwari suka yi mini yawa. Ƙanena ya ce kada in kuskura in sayi ta hannu. Na tambaye shi kuɗin sabuwa, ya faɗa, muka bar maganar. Wani maƙwabcinsa mai aikin banki ya rubuta mini wasu kalmomi da lambobi a takarda, ya ce duk wadda ba ta kai haka ba shara ce. Na ninke takardar na sa a aljihu, ban fahimci ko layi ɗaya ba.

Sai wani mutum ya samo ni har gida, ya ce ya ji ina nema. Ya zaro wata daga cikin buhu, baƙa mai sheƙi, ya faɗi kuɗin da bai kai rabin abin da ke hannuna ba. Na tambayi rasit, ya yi dariya. Na tambayi caja, ya ce ai ana samu a kasuwa. A kwanakin nan gidaje da yawa suna kulle, masu su sun bar gari, kuma kowa ya san inda irin wannan kaya yake fitowa. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, na daɗe da ita a hannuna. Na yi tunanin buhun masarar da ragowar kuɗin za su sayo. Abin da ya sa na mayar masa ba tsoron Allah kaɗai ba ne, har da tsoron shingen sojoji, inda za a tambayi yarinya ina ta samu, ta rasa amsa.

Ranar Asabar muka shiga gari ni da ita. Tun faɗuwarta ba ta sake taka kasuwa ba, kuma ina ganin yadda take bin gefen bango tana kare hannun da jikinta. Shaguna uku muka shiga, duk wanda ya faɗi kuɗi sai mu yi godiya mu fito. Na huɗun na wani dattijon Ibo ne da ya shekara fiye da talatin a garin, Hausarsa ma irin ta Barebari ce. Kantocinsa kusan babu komai, ya ce mana ya daina sauke kaya tunda hanya ta lalace, iyalinsa kuma ya tura su gida. Guda uku suka rage masa, duk na hannu.

“Wushe, Malam,” ya gaishe ni da Barbarci. Ya dubi hannunta. “Ita ce za ta yi aiki da shi?”

Na ce ita ce. Na miƙa masa takardar mai aikin banki. Ya karanta, ya mayar mini.

“Wannan ya rubuta maka abin da shi yake so ne. Nawa ka zo da shi?”

Ban saba faɗa wa mai shago abin da ke aljihuna ba, amma na gaji. Na faɗa. Ya ture ɗaya gefe, wata siririya mai launin azurfa, ya ce mu manta da ita. Saura biyu. Ɗaya babba ce, baƙa, mai faɗin allo, tana da kwarjini. Ɗayar kuwa ba ta fi littafin rubutun ɗan aji uku ba, gefenta a tsage, an liƙe da salatif.

Zuciyata ta tafi ga babbar nan take. Na ce a raina in dai injina ya tafi, to a ga abin da ya koma.

Ya ce mata, “'Yata, buɗe wannan da kanki.”

Ta sa hannun hagu ta ɗaga murfin babbar, sai gindin ya biyo shi gaba ɗaya. Ta danne da haɓa, ta sake gwadawa, da ƙyar ya buɗu. Ya ce ta buga sunanta da babban baƙi a farko. Ta ware yatsu, ƙaramin yatsa a can, manuni a nan, ba su kai ba. Ya turo mata ƙaramar. Ta buɗe ta da babban yatsa. Madannanta a matse suke, tafin hannunta ɗaya ya kusa rufe rabinsu. Ta buga layi ɗaya, ta buga na biyu.

Na ce, “Amma wannan ai kamar abin wasan yara ce.”

“Malam, ba zan ɓoye maka ba, tana da nawa. In ka kunna ta sai ka yi haƙuri kamar mai jiran tuwo. Amma batirinta yana kai awa uku. Babbar nan minti arba'in ta mutu. Kuna da wuta a unguwarku?”

Ba mu da ita. Watanni ke nan ba mu ga ƙwan lantarki ya kama ba.

Muna cikin haka sai muka ji ana jan ƙofofin ƙarfe daga can farkon layi, ɗaya bayan ɗaya, ƙarar tana matsowa. Ba wanda ya san dalili, kuma a lokacin ba a tsayawa tambaya. Mutane suka fara sauri. Na ga fuskar yarinyar ta canza, ta matse hannunta a ƙirji.

“Baba, mu ɗauki ƙaramar,” ta ce. “Don Allah mu tafi.”

Na ce, “Kin tabbata? Ba mu da na sake wata.”

“Na sani, Baba. Ita nake iya buɗewa.”

Na zube kuɗin a kan kanta ina cewa ya bar rasit ɗin. Ya ƙi. Ya juya na'urar, ya kwafe doguwar lambar da ke bayanta harafi-harafi, ya buga hatimi, sannan ya tura mu waje ya ja tasa ƙofar. Daga baya muka ji ashe tayar mota ce ta fashe.

A hanyar komawa akwai shingen da kowa yake sauka daga keke ya wuce a ƙasa, hannuwa a sama. Ita hannu ɗaya take iya ɗagawa, ga kuma jaka a kafaɗarta. Wani soja ya daka mana tsawa daga bayan buhunan yashi, ya ce ta tsaya nan, ta ajiye jakar, ta buɗe a hankali. Na ce ɗaliba ce, na ɗaga rasit sama. Ya ce in ja baya, ita kuma ta kunna abin ya gani. Ta durƙusa a kan kwalta ta danna. Allon ya yi baƙi, ya zauna a baƙi. Layin mutanen da ke bayanmu ya ja da baya. Ina jin sojan yana ƙara ɗaga murya, ni kuma duk addu'ar da na iya ta gudu daga kaina sai salati. Ban san tsawon lokacin ba, wataƙila minti biyu ne. Sannan allon ya yi haske. Ya leƙo, ya karɓi rasit ya duba, ya ce mu wuce. Da muka yi nisa na zauna a bakin kwalbati, ita ce ma take ce mini sannu.

Aikin kuma ya zo da nasa. Kullum da safe in kai na'urar wurin mai cajin waya da janareta a bakin titi, in zauna kusa da ita don ba na iya barinta, in dawo da ita da hantsi. Awa ukun nan su ne duka ranarmu. Tana zaune a rumfar itace, laftof a kan turmin da aka kifa, tana tsintar haruffa. Shafi ɗaya yana cin fiye da awa. Wani lokaci na'urar ta sandare, mu zuba mata ido muna jin batir yana tafiya a banza. Zuwa mako na uku hannun hagun ma ya kumbura a wuya. Ta dube ni ta ce, “Baba, ba zan gama ba.”

Na ce ta matsa. Ban taɓa taɓa kwamfuta ba a rayuwata. Ta nuna mini inda lambobi suke, muka raba aiki: ita ta buga bayani da safe, in hannun ya gaji ni in karɓa in cike jadawalin, tana karanto mini daga koren littafin ina dannawa da yatsa ɗaya. Sau biyu na goge mata rabin shafi ban san abin da na taɓa ba. Na farko ta yi kuka, na biyu ta yi dariyar da ta fi kukan ciwo.

Abin da ban shirya masa ba shi ne littafin. A saman kowane shafi ta rubuta sunan manomin da ta tambaya, kuma duk na san su. Wasu na koyar da 'ya'yansu. Tana karanto buhu nawa wane ya girbe, nawa suka ruɓe, ni kuma na san an kashe shi a gonarsa, na gaba yana sansanin gudun hijira, na gaba ba wanda ya san inda yake. A cikin binciken an mayar da su lambobi, manomi na ɗaya, manomi na biyu. Muka daina faɗin sunayen, take cewa lamba kawai.

Baƙon malamin ya zo kwana uku kafin ranar da aka sa, don an ce hanya za ta rufe. Babi na biyar bai kai ƙarshe ba. Ta haɗa shi a yini ɗaya da abin da ya samu, muka kai aka buga, aka ɗinke. Ranar da za ta tsaya gabansu ba a bar iyaye su shiga ba, na zauna a ƙarƙashin wata darbejiya a Mairi tare da wasu iyayen da ban sani ba.

Bayan azahar ta fito. Ban iya karanta fuskarta daga nesa ba, sai da ta iso.

“Ya ce babin ƙarshe ya yi rauni, ya rage mini maki. Ya ce in gyara shafi tara.”

“Sannan?”

“Sannan na wuce, Baba.”

Na ce alhamdulillahi, na sake cewa. Wata mata da ke kusa da ni, wadda nata ɗan bai fito ba tukuna, ta taya ni murna, sai na ga bai kamata mu tashi mu bar ta ba. Muka zauna tare da ita har shi ma ya fito.