Mai Ɓoye Shukarta a Ƙarƙashin Teku

Tsarki ya tabbata ga Wanda ya sanya rana ta zama abincin tsiro, kuma ajalinsa idan ta yi yawa. A gaɓar tsibirin Praslin, da hantsi, ga wata dattijuwa tsaye cikin teku, ruwa iya ƙugunta, malafarta ta kai faɗin faifai. Tana ɗago igiyar da ta ɗaura ciyawar teku a jiki, tana bin rassan kamar uwa mai duba kan ɗiyarta. Bakin wasu ya yi fari fat, ya yi laushi. In zafin nan ya ƙara kwana uku, noman bana ya tafi.

Sai ta bi gorunan roba da ke riƙe da igiyar a saman ruwa, tana ɗura wa kowanne ruwa rabi, har shukar ta nitse kamu biyu, inda sanyi yake. Saurin yatsunta ya nuna ta taɓa ɗanɗana wannan asara.

Wani tsohon masunci ya ɗaga murya daga kwalekwalensa: "Ma Sidonie, yau kuma ɓoyo ake yi? Ba a zafin ranar nan za ki shanya ta ba in kin girbe?"

"Fulgence, rufa mana baki," in ji ta, ko waiwaye babu. "Sai na yanke ta rana ke da iko da ita. Kai da ba a taɓa nutsarwa ba, dubi yadda ta cinye maka tsakiyar kai."

Tsohon ya shafa sanƙonsa, ya tuƙa ya yi gaba.