Kwanon Iya ya koma yawo

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar kakata Iya, wadda na ci sunanta, kuma har yau in na ji ƙarar murfin kwano sai ta faɗo min a rai. Ba wanda ya san shekarunta daidai. In an tambaye ta sai ta ce a je a tambayi wanda ya haife ta. Mu dai mun san ta haura casa'in, ta goyi jikoki, ta goyi tattaɓa-kunne, kuma har makon da ta kwanta ita ke raba tuwo a gidanmu na Bichi.

Iya ba mai kuɗi ba ce. Abin da take da shi kwanuka ne, irin na samira masu murfi da jan fure, jere guda a ɗakinta tun na aure. Sai dai jeren nan kullum da giɓi. Ta zuba dambu ta aika gidan mai jego, ta zuba fate ta aika wa wani tsoho da ba shi da haƙori, kwanukan su tafi su yi zamansu. Ina yarinya abin yana ba ni haushi, don ni ake aika. Wata rana na ce mata bari in zaga unguwa in karɓo mana kayanmu. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Takwara, sunana kawai kika ɗauka, hankalin kin bar min. Ba a tambayar kwano. Wadda yunwa ta dama ba za ta iya shigowa ta ce a ba ta ba, amma za ta iya sallama ta ce ta kawo kwano. In kin karɓo shi, da me za ta shigo?"

Sai da na girma na gane abin da nake gani kullum. Mace za ta shigo da kwano wankakke a ƙarƙashin mayafi, a gaisa, a taɓa hira, ta fita da wani kwanon da nauyi. Ba ta roƙa ba, ba a ce an taimake ta ba, mutuncinta na nan yadda ta shigo da shi.

Ina shekara ta biyu a jami'a a nan Guangzhou ta ƙasar Sin aka kira ni aka ce Iya ta cika. Ban samu jana'iza ba, kuma wannan ya daɗe yana ci na. Ƙanwar babana, Goggo Larai, ita ta ba ni labarin zaman makoki. Ta ce da Iya ta rasu kwano uku kacal aka tarar a ɗakinta. Amma kafin sadakar uku, mata suka dinga shigowa da abincin gaisuwa, kowacce a cikin kwanon Iya, har da waɗanda ba wanda ya san su a gidan. Tsakar gida ta cika da jan fure. Goggo ta ce a ranar ne ta yi kukan da ba ta yi ba ranar rasuwar. Ta zaɓi ɗaya, mai ɗan ɓantare a baki, ta ba wani ɗan kasuwa mai zuwa sarin kaya a unguwar Sanyuanli ta nan garin ya kawo min. Da na juya gindinsa sai na ga rubutun Sinanci. Ashe gida ya dawo.

Na gama karatu, na yi aure, muka kama haya a hawa na shida na wani bene a unguwar Panyu. Maigidana yana aikin tura kaya gida daga wani ofis a titin Huanshi Lu. Ni kuwa na ɗora kwanon Iya a saman kabad, ina goge shi duk Juma'a, ko ruwa ban yarda a zuba a ciki ba. A ganina girmama ta nake yi.

Nakan tambayi kaina me Iya za ta ce da ta ga garin nan. Jirgin ƙasa mai tafiya a ƙarƙashin ƙasa ba zai dame ta ba, za ta ce Allah ya ba su hikima ta wuce. Abin da zai tsaya mata a rai shi ne yadda ake cin abinci. Ka latsa waya, mai babur ya kawo a roba, ya ajiye a bakin ƙofa ya juya, ka ci ka jefar da robar. Ba sannu, ba ina gajiya. Na tabbata za ta riƙe haɓa ta ce wannan ai ba ci ba ne, cika ciki ne. Kuma na tabbata, ko kalma ɗaya ta yarensu ba ta sani ba, cikin mako guda sai ta san wanda ba shi da lafiya a kowane hawa na benen nan.

Ni da nake jin yaren, shekara huɗu na yi ina kallon ƙofar wata tsohuwa da ke fuskantar tamu. Ayi muke ce mata, yadda ake kiran mace babba a nan. Tsakaninmu sai ɗaga kai, in ban da ranar da ta toshe hanci saboda daddawata. A daminar bara ta zame a matattakala ta karye a ƙafa, ɗanta kuma yana aiki a wani gari. Na dafa farfesun kaza, na rage yaji, na juye a roba. Har na kai ƙofa sai kunya ta kama ni, kamar Iya na tsaye a bayana. Roba ba ta dawowa, daga an ci an gama magana. Na koma na sauko da kwanon, na juye a ciki. Ayi ta karɓa, ta daɗe tana kallon kwanon, ta ce "shiye-shiye", wato na gode, ta rufe ƙofa.

Kwana biyu, shiru. Mako guda, shiru. Sai na ga an kulle ƙofarta, maigadi ya ce ɗanta ya zo ya tafi da ita, bai san ranar dawowa ba. Gaskiya hankalina ya tashi. Abu ɗaya tak da na mallaka na Iya, na ɗauka da hannuna na ba wadda ko sunanta ban sani ba. Maigidana, da niyyar lallashi, ya ce, "Haba, ai nan ne garin da ake ƙera irinsa, gobe in sayo miki goma." Ranar bai ji da daɗi ba. Na karɓi lambar ɗan a wajen maigadi, na rubuta saƙo cikin ladabi ina tambayar kwanona. Na karanta shi ya fi sau biyar. Sannan na tuna abin da Iya ta tambaye ni, da me za ta shigo? Na goge saƙon, na yi kukana, na haƙura.

Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki aka ƙwanƙwasa mana ƙofa da hantsi. Ayi ce da sandarta, rungume da kwanon, cike da lici, 'ya'yan itacen nan masu jan ɓawo. Ta ce ta san ba kowane nama muke ci ba, shi ya sa ta kawo wannan. Ta ce mahaifiyarta tana da irin kwanon sak, rabonta da ganinsa tun tana budurwa, don haka ta tafi da shi, a ciki ta dinga cin abinci tana jinya. Na ce ta shigo. Ta cire takalmi ta shigo ta zauna, karon farko cikin shekara huɗu, har ta nemi in nuna mata abin nan mai wari da nake sawa a miya.

Tun daga ranar kwanon bai sake hawa kabad ba. Ya je wajen wata ɗalibar Nijar da ta haihu a hawa na uku, ya je gidan wasu mutanen Gana da aka yi wa rasuwa. Wani lokacin Ayi ce da kanta take zuwa ta ara, ba na tambayar inda za ta kai shi. Ya ƙara ɓantarewa a wuri biyu.

Iya ba ta bar gona ba, ba ta bar gida ba, hotonta ma ɗaya ne kuma ta kau da kai a ciki. Abin da ta bari shi ne hanyar da mutum zai shigo gidanka ba tare da ya sunkuyar da kai ba, kuma na ga hanyar tana aiki a inda ba a taɓa jin sunan Bichi ba. Shekara shida na yi ina tsare kwanonta ina cewa tunawa da ita nake yi, alhali a duk rayuwarta ba ta taɓa tsare ko ɗaya ba. Allah ya jiƙan Iya, ya sa aljanna ce makomarta. Yau da nake wannan rubutu ban san a gidan wa kwanon yake ba, kuma ba zan tambaya ba.