Wutar Cikin Tabki

A gidanmu na Gangara, da an sauke tuwon dare ba a barin murhu ya mutu. Kakarmu, Inna Tumba, takan ƙara kara biyu, ta miƙe ƙafa, mu kuma mu kewaye ta da bawon gyaɗa a cinya. Ashana ba ta yawaita ba a lokacin. In wutar gida ta mutu, kasko ake ba yaro ya je maƙwabta ɗibar garwashi, kuma ni ce 'yar aiken, don haka tatsuniyar ɗibar wuta ta fi kowace shiga raina.

"Ku matso, ga ta nan ta taho muku," in ji ta. Mu ce ta iso lafiya.

Wai an yi wani gari da ruwan sama ya kashe kowane murhu. Aka ba wata yarinya kasko ta nemo wuta. Ta yi ta tafiya har magariba, sai ta iske tabki, ga wuta tana ci jawur a cikin ruwan. Ta kamfato da kaskonta ta sheƙo gida da murna. Da aka leƙa, ruwa ne kawai.

"Mutane sunka yi ta dariya," Inna ta ce, "har da masu jin yunwa."

To ni a daidai nan barci ke sace ni, kullum. Ban taɓa jin ƙurunƙus ɗinta ba. Na tashi da sanin cewa darasin shi ne kada hoton abu ya ruɗe ka.

Yau ni malamar kemistiri ce a wata sakandaren 'yan mata a Isa. Ɗakin gwaje-gwajenmu kwalabe ne wayam, ko sinadari ɗaya babu. Bara aka kawo mana kwamfuta da majigi, wai a nuna wa yara gwaji a bango. Na rantse ba da ni ba. Na ce wa sauran malamai wannan wutar cikin tabki ce, abin da ba ka ji warinsa ba, bai ƙona maka yatsa ba, ai ba ka san shi ba. Na kulle kayan a kabad. Amma raina bai kwanta ba: jarabawar ƙarshe na matsowa, kuma 'yan ajina ba su taɓa ganin ruwa ya sauya launi a kwalba ba, sai dai haddar sunan launin.

Na tura wa yayana Bello saƙon murya ina ƙorafi, har na kawo masa tatsuniyar a matsayin hujja. Amsarsa dariya ce ta fara zuwa.

"Ke Hassi, ashe har yau ba ki san ƙarshenta ba? Kwana kika yi kullum!" Sai ya maƙale murya irin ta Inna, har da ɗan tarin nan nata: "Ɗiyag ga tak koma bakin tabki tana kuka. Tad diba, wuta na nan. Sai taɗ ɗaga kai, ashe rugga ta bisa tudu, wutassu ta ruwa ka nunawa. Tat tahi taɗ ɗebo. Ruwa bai yi mata ƙarya ba, ita ta ba ta ɗaga kai ba."

Washegari na buɗe kabad, na haska wa yara gwaji a bango. Da ruwan cikin hoton ya juye daga wani launi zuwa wani, yara suka zuba ido. Can wata ɗaliba, Luba, ta ɗaga hannu.

"Malama, ai haka soɓorodo ka yi in anka sa mai kanwa."

Kashegari suka zo da soɓorodo, wato zoɓo, da kanwa da tsamiya a ƙulle cikin leda. Muka cika kwalaben nan da suka shekara a bushe, hannayensu suka yi ja, ajin ya kaure da ihu.

Har yanzu ina ganin majigi ba ya dafa tuwo, kuma ina faɗa wa duk malamin da ya tsaya a kansa. Sai dai saƙon Bello yana nan a wayata, ban goge ba. Inna ta daɗe da rasuwa, kuma na san ba muryarta ba ce, kwaikwayo ne a cikin ƙarfe. Amma duk ranar da na kunna shi sai na ji ƙamshin hayaƙin kara, in yi hawaye, kuma ina sauraro har ƙarshe, idona biyu.