Muryoyin da Ba Su Hau Zane Ba

Akwai wata Talata a farkon aikina da har yau ba ta bar raina ba. Lokacin ina ƙaramar jami'ar bayanai a wata ƙungiyar tallafa wa manoma, ni kaɗai a ofishinmu na Ikara, daga ni sai fanka da kukan kurciya a bayan taga.

Aikina in kwaso abin da mutane ke cewa a zaurukan hirarmu na waya. Kwamfuta ta ba kowane saƙo maki, ni kuma in zana su: masu ɓacin rai a hagu, masu murna a dama, 'yan ba-yabo-ba-fallasa a tsakiya.

A wannan karon maganar irin tumatir ce da muka raba a Ikara, Maƙarfi da Kudan. Da zanena za a yanke ko a sake sayo shi baɗi. Zanen ya fito da tudu guda a dama, sumul kamar kifaffiyar ƙwarya.

Na tura wa shugaban shirin, Malam Sanusi, a Zariya. Ya kira ni: "Madalla, Hafsa! Kowa ya yaba ke nan. Gobe zan sa hannu."

Zan tashi sai na ga tarin saƙonnin murya da kwamfutar ta tsallake, don rubutu kawai take karantawa. Masu rubutun kuwa samarin gari ne da hotunan rabon suka burge. Su kuwa manoman, saƙon murya suke aikowa.

Na kunna na farko. Wani dattijo ne daga Kurmin Kogi: "Salamu alaikum, 'yata mai karɓar saƙo. Ina gajiya? Ina iyayenki?" Tun zuwana garin ba wanda ya tambayi iyayena. Sai da ya gama gaisuwa tsaf, sannan ya ce, "Irin nan naku dai, ganye ya yi kamar a ɗauke shi hoto. 'Ya'ya kuwa sai dai mu haɗu a lahira."

Haka saƙon ƙauyen Taba, haka na Furana. Na kai dare ina saurare, ina ba su maki da kaina, wani sa'in ina amsa gaisuwar a fili. Tudu na biyu ya taso a hagu, ya ɗara na farko.

Da Malam Sanusi ya ga sabon zanen sai ya sake kira na. "Wa ya sa ki wannan aikin?"

"Ranka ya daɗe, manoman ne suka aiko. Ba a saurara ba ne."

"To, na ajiye biro. Turo mini muryoyin."

Ba a sake sayen irin ba.

Ku da kuka zo bayana, kafin kyan zane ya ɗauke muku ido, ku tambaya wa aka bari a waje. Mutanenmu ba sa faɗin inda ke musu ciwo sai sun gama gaishe ka, kuma mai gaggawa ba ya kaiwa nan.