Tuffar Mma Azumi

Duk tsawon shekaruna a wannan aiki, ban taɓa mantawa da ranar da muka shiga lambunan unguwar Perry Barr a Birmingham ta Ingila da gwangwanin jan fenti ba. Ku da kuka shigo aikin ba da shawara kan muhalli kwanan nan, kuna ganin komai a kwamfuta yake ƙarewa. To, ku ba ni aron kunnuwanku.

A tsakiyar shekarun 2000 ne. Na gama digiri na biyu, ina zaune a gidan hayar ɗalibai a Selly Oak, sai na samu aiki a wani ƙaramin kamfani a matsayin jami'in fili, wato ƙaramin kowa, mai shiga taɓo. Shugabata wata Baturiya ce, Madam Ruth. A da kansila ce a Manchester, ƙarƙashin jam'iyyar masu kare muhalli. An ce ta taɓa zama daram a gaban motar rusau don hana share lambunan unguwarta, kuma ta yi nasara. Da zaɓe ya zagayo aka kayar da ita, ta tattara ta dawo Birmingham. Takan ce mini gyara daga ciki ya fi ihu daga waje. Ni kuma in tsokane ta in ce mu a Kano cewa muke, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sai ta yi dariya, amma ba ta kai ciki ba.

Ga yadda aikin yake. Mai gini ne yake ɗaukarmu. Mu je mu duba itatuwan da ke filinsa, mu shafa wa waɗanda za a sare jan fenti, sannan mu rubuta wa hukuma rahoton yadda za a rama asarar, wato a dasa sababbi a wani wurin. Filin da aka tura mu ƙananan lambuna ne da mutanen unguwa ke nomawa, za a mayar da shi wurin ajiye motoci.

A can lungu na iske wata dattijuwa a gindin bishiyar tuffa. Mma Azumi ce, 'yar zangon Kumasi, mazauniyar Lozells. Da na yi mata sallama ta dubi fuskata, ta juya harshe zuwa Hausa.

"Yarona, wannan jan fentin na mene ne?"

Na sunkuyar da kai na faɗa mata.

Ta ce, "Council, hukumar gari, ta ce mu tashi, na sani. Alayyafo da tumatir ba komai, ko a bokiti sai su fito. Amma wannan ta Alhaji ce."

Ashe da mijinta ya rasu, Kumasi aka kai gawarsa, ba ta da kabarin da za ta ziyarta. Shi ne ta dasa masa tuffar nan sadaka mai gudana. Duk yaron da ya tsinka, duk tsuntsun da ya ci, ladan na isa gare shi.

Na fassara wa Madam Ruth. Ta tausasa murya ta faɗi abin da muke faɗa wa kowa, cewa za a dasa sababbi masu yawa a gefen babbar hanya. Mma ba ta jira ni ba, da Turancinta ta tambaye ta ko suna yin 'ya'ya. Madam ta ce a'a, na ado ne.

Mma ta ce, "To, wa zai ci?"

Madam ta karɓe gwangwanin daga hannuna ta rufe.

Ina wurin lokacin da ta zauna da wakilin mai ginin. Ta roƙi a ɗan karkatar da hanyar shiga motoci a bar bishiyar. Ya ce, "Madam, rahoto muka ɗauke ki ki rubuta, ba kamfen ba." Ta roƙi a jira hunturu, lokacin da bishiya ke zubar da ganye ta jure cirewa. Ya ce aiki ba zai tsaya wa itace ɗaya ba. Abin da ta samo kawai shi ne izinin mu haƙe ta kafin motoci su shigo. Raina ya ɓaci ƙwarai, ganin matar da ta taɓa tsayar da motar rusau tana cewa na gode.

Da tsakar lokacin zafi muka haƙe ta, tana cike da ganye da ɗanyun 'ya'ya. Madam ta cire kwat ta kama shebur tare da lebura har hannunta ya yi kanta. Muka dasa ta a ɗan tsakar gidan Mma a Lozells. Mu duka mun san da wuya ta rayu. Rahoton kuwa ya wuce, da sa hannun Madam, cewa an rama asara.

Da sanyi ya wuce itatuwa suka fara toho, sai muka koma. Tuffar ta bushe ƙayau, ko tsiro babu. Madam ta fara ba da haƙuri, ta ce za ta kawo wata. Mma ta girgiza kai, ta nuna mana wani reshe. Ta rataye gwangwanin madara cike da gero, ƙananan tsuntsaye na ta sauka suna ci.

Ta ce mini, "Faɗa mata kada ta damu, ta yi iya yinta. Tunda a kansa suke ci, Allah ba zai hana Alhaji ladansa ba."

Muna shiga mota Madam ta kifa kai a kan sitiyari ta fashe da kuka. Ni ma ban iya riƙe nawa ba. Ta ci gaba da aikin har ta yi ritaya, kuma ta gyara abubuwa da dama, amma ban sake jin ta ce gyara daga ciki ya fi ba.

Abin da na koya shi ne, a takardunmu bishiya bishiya ce, ka sare wannan ka dasa waccan. A wurin mutane ba haka ba ne. Shi ya sa har gobe nake takura muku da tambayar da kuke yi mini dariya a kanta. Kafin ka buɗe gwangwanin fenti, ka nemi wanda ya dasa, ka tambaye shi don wa ya dasa.