Umaru Bonjur da Shukar Ruwan Fari

Kowa a nan ya san Umaru Bonjur ba ya wuce dutse a hanya. Sai ya duƙa ya ɗauka, ya goge a riga, ya ɗan lasa, ya jefa aljihu. Matarsa ta yi ɗinkin aljihu har ta sallama. Taubashina ne, tare munka tafi kwaleji daga Tambuwal, ni na yi Lissafi, shi ya haɗa Faransanci da labarin ƙasa. Na yi masa dariya har da riƙe ciki. To, in faɗa muku gaskiya, shekara talatin na yi ina neman rana ɗaya tak da majalisarmu za ta ce, "Sani ya fi Umaru gaskiya." Ƙyashi? Ƙwarai kuwa, ban ɓoye ba!

Hutunmu na farko ya dawo da wata hula lafce kamar faifai, da cokali mai yatsu, da gaisuwar Faransawa "Bonjur" wadda ta zame masa laƙabi. Anka kawo tuwon dawa, ya zaro abinsa. Inna ta ce, "Umaru, hannunka ciwo shikai?"

"A'a Inna, haka Faransawa ka cin abinci."

"Su ma da miyar kuka?"

Miya na tsiyaya ta tsakanin yatsun cokali, amma ɗan taurin kan nan sai da ya share kwanon. Unguwa duk ta zo kallo. Ni da na fi shi maki, ko sannu da zuwa ban samu ta kirki ba.

Sai takardar asibiti da anka aiko ma kawunmu daga Dosso ta Nijar, rubuce da Faransanci. Ni anka fara kawo ma, tunda ni ma malami ne. Na juya ta gaba, na juya ta baya, na ce rubutun ne bai fita ba. Umaru ya karɓa, ya gyara hula, ya karance ta tas har da kaɗa kai. Kawu ya dube ni ya ce, "Kai kau mi kat tafi yi can?"

Ta rijiyar garin Jabo ta fi ci mini rai. Na auna fili da igiya, na ce a gina nan. Gogan naku ya tsinci tsakuwa, ya lasa, ya ce, "Akwai marmara ƙasa, ku matsa gindin gawon can." Na ce, "Taubashi, harshenka injin ne?" Gaba uku masu gina sunka yi, diga ta fara tartsatsi. Hula kawai ya ɗaga mini, wallahi gara zagi.

Bara da ruwan fari ya sauka, Umaru ya hana kowa shuka. "Wanga ruwan yaudara na, ku dakata sati ukku." Kowa ya mayar da iri rumbu. Ni ko don in saɓa masa kaɗai na fita na shuke gonata kaf, mutane na wucewa kan babur suna mini Allah ya kyauta. Sai ruwa ya ɗore! Gerona ya tashi kore shar, ina ta tanadin maganganun da zan gasa masa ranar girbi. Ko da na ji ya kwanta ciwo, na ɗauka zazzaɓi ne. Na je dubiya sau ɗaya, ban tayar da zancen ba, wai ina ajiyarsa sai a gaban jama'a.

Gero bai fid da kai ba munka kai Umaru makwanci.

Bayan girbi muna zaune majalisa, wani dattijo ya ce, "Sani, bana kam ka fi Umaru gaskiya." Na jira in ji daɗi. Na waiga inda yake zama, ba kowa. Takalmina na ɗauka na yi gida.

Allah ya jiƙan ka, taubashi, ya haskaka kabarinka. Ni kuma ya yafe mini abin da na riƙe ka da shi a zuci.